Ciwon dasashi: yadda dakarun jiki ke rushe gidan da aka ba su tsaro

A kasuwannin Maraɗi da Damagaram, a ofisoshin Tawa da Yamai, ba wuya a ga magidanci ɗan shekara 45 ko 50 wanda haƙoransa suka fara girgiɗi, ko kuma ya riga ya yi giɓi, alhali bai taɓa faɗuwa ba, ba a taɓa bugunsa a baki ba. In an tambaya, amsar da akan samu ita ce tsufa ne, ko goro ne, ko gado ne. A wajen likitocin haƙori kuwa, mafi yawan irin wannan zubewar haƙora ta manya daga ciwon dasashi take fitowa, ciwon da ke shekara da shekaru yana cin mutum ba tare da zogi ba. Binciken da aka yi a shekaru 60 da suka wuce ya nuna wani abin mamaki game da shi: ƙwayoyin cuta ne ke tada rigimar, amma mafi yawan ɓarnar jikin mutum ne da kansa ke yin ta, da makaman da aka tanadar masa domin kariya.

Girman matsalar

A watan Nuwamba na shekara ta 2022 hukumar lafiya ta duniya, wato OMS, ta fitar da rahoto a kan lafiyar baki a duniya baki ɗaya. Rahoton ya ce mutane kusan miliyar 3 da rabi ke fama da wata cuta ta baki, kuma ciwon dasashi mai tsanani ya kama kimanin kashi 19 cikin 100 na manya, wato fiye da mutum miliyar guda. Ke nan in ma'aikata goma suka zauna a ofis ɗaya, ba abin mamaki ba ne a sami biyu daga cikinsu da ciwon ya riga ya kai ga ƙashi.

Domin a gane yadda abin ke faruwa, sai a dubi yadda haƙori yake a dashe. Haƙori kamar dirka ne da aka kafa a rami. Ramin shi ne ƙashin muƙamuƙi. Tsakanin saiwar haƙori da ƙashin akwai dubban zaruruwa ƙanana masu ƙarfi da suka ɗaure shi ta kowane gefe. Dasashi kuma shi ne naman da ya rufe bakin ramin kamar yaɓe. Waɗannan zaruruwa an yi su ne da wani abu da ake kira kolajen, wanda shi ne ke ba fata da jijiya ƙarfinsu. Fatar jar akuyar Maraɗi da majema ke jemewa, har a ɗinka takalmi da jaka, kusan dukanta kolajen ce. Tsakanin dasashi da haƙori akwai wani ɗan kwari wanda a baki mai lafiya zurfinsa bai wuce milimeta 1 zuwa 3 ba. A cikin wannan ɗan kwari ne dukan yaƙin ke gudana.

Daga dauɗa zuwa kumburi

Ƴan awoyi bayan an wanke baki, wata dauɗa mai laushi mai yauƙi takan fara taruwa a gindin haƙora. Mutane da yawa na ɗauka ragowar abinci ce kawai, alhali mafi yawanta ƙwayoyin cuta ne da suka yi sansani suna hayayyafa. A shekara ta 1965, wani likita mai suna Harald Löe da abokan aikinsa, a garin Arhus na ƙasar Danmark, suka roƙi mutum 12 masu lafiyayyen baki da su daina wanke haƙora kwata-kwata. Tsakanin kwana 10 zuwa 21, dukansu dasashinsu ya yi ja, ya kumbura. Da suka koma wanke baki, cikin kamar mako guda kumburin ya sauka. Wannan gwaji ya tabbatar da cewa dauɗar ce mafarin ciwon, kuma a wannan mataki na farko ciwon yana warkewa sarai.

Sai dai wani bincike na biyu ya nuna cewa dauɗa kaɗai ba ta isa ta bayyana kome ba. Daga shekara ta 1970, Löe ɗin nan da jama'arsa suka bi diddigin maza 480 masu aiki a gonakin ganyen shayi na ƙasar Siri Lanka har tsawon shekara 15. Mutanen ba su wanke baki yadda ya kamata, ba su ganin likitan haƙori, dukansu bakinsu cike yake da dauɗa. Sakamakon da aka wallafa a 1986 ya nuna cewa kashi 8 cikin 100 ciwon ya ci su da gaggawa har haƙoransu suka zube tun suna da sauran ƙuruciya, kashi 81 ya ci su sannu a hankali, kashi 11 kuwa bai wuce kumburin dasashi ba. Dauɗa ɗaya, abinci ɗaya, aiki ɗaya, amma ƙarshe daban. Bambancin yana cikin yadda jikin kowane mutum ke maida martani.

Dakaru da makamansu

A cikin jinin ɗan Adam akwai fararen ƙwayoyi waɗanda aikinsu shi ne tsaron jiki. Mafi yawa daga cikinsu, kashi 50 zuwa 70 cikin 100, su ne waɗanda ake kira nitrofil. Ɓargo yana ƙera kimanin miliyar 100 daga cikinsu a kowace rana, domin ba su da tsawon rai. Su ne ke fara isa duk wurin da aka ji rauni ko ƙwayar cuta ta kutsa. Ko a baki mai lafiya, dubbansu ne ke ratsa dasashi a kowane minti suna fitowa cikin ɗan kwarin nan, suna yin shinge tsakanin dauɗa da nama.

Makaman da suke ɗauke da su ana kiran su anzim. Anzim wani sinadari ne da jiki ke yi domin ya gaggauta narkar da wani abu ko haɗa shi. Matar da ta naɗe nama mai tauri cikin ganyen gwanda domin ya yi laushi, anzim ɗin da ke cikin ganyen ne ta sa aiki, ko da ba ta san sunansa ba. Nitrofil na ajiye nasa anzim a cikin ƴan jakunkuna, in ya haɗiye ƙwayar cuta sai ya zuba mata su ta narke.

Huɗu daga cikinsu sun fi shahara a ciwon dasashi. Na farko shi ne lizozim, wanda Alexander Fleming ɗan Sukotland ya bayyana a 1922, shekaru kafin ya gano penisilin. Yana cikin miyau da hawaye, yana fasa bangon wasu ƙwayoyin cuta. Na biyu shi ne miyeloperoksidaz, wanda wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Kjell Agner, ya ware a 1941. Wannan anzim yana haɗa gishirin jiki da wani sinadari ya samar da abu iri ɗaya da wanda ke ba ruwan jabel ƙarfinsa na kashe ƙwayoyin cuta, kuma launinsa ne ke sa mugunya ta yi kore-kore. Na uku shi ne elastaz, mai yanka nama da zaruruwa iri-iri. Na huɗu, wanda ya fi kowanne ɓarna a dasashi, shi ne kolajenaz, wanda masana ke yi wa laƙabi da MMP-8.

Tarihin gano kolajenaz yana da ban sha'awa. An daɗe ana mamakin yadda jiki ke iya narkar da abu mai ƙarfi kamar kolajen. A 1962, a Boston ta Amurka, Jerome Gross da Charles Lapière ɗan ƙasar Beljik suka dubi wutsiyar talibambam a lokacin da yake rikiɗa ya zama kwaɗo. Suka gano cewa wani anzim ne ke narkar da wutsiyar har ta ɓace. Daga baya aka tarar da danginsa fiye da 20 a jikin mutum. Anzim ɗin da ke cinye wutsiyar talibambam, ɗan'uwansa ne ke cinye zaruruwan da suka riƙe haƙori.

Inda ma'auni ke karkacewa

Jiki bai bar waɗannan makamai sakaka ba. Hanta tana ƙera wani sinadari mai suna antitiripsin da ke kama elastaz ya ɗaure shi, nama kuma yana da nasa masu kama kolajenaz, waɗanda ake kira TIMP. Muddin dauɗa ba ta yi yawa ba, abin da aka narkar kaɗan ne, jiki kuma yana gyara shi nan da nan.

Matsala tana farawa ne in dauɗar ta daɗe. Gishirin da ke cikin miyau yakan daskarar da ita ta zama kamar dutse a gindin haƙori, abin da likitoci ke kira tartar, wanda asuwaki ko buroshi ba su iya cirewa. Ƙwayoyin cuta na fakewa a jikinsa cikin sansanin da ya fi ƙarfin nitrofil ya haɗiye. Da yake ba ya iya haɗiyewa, sai ya zubar da anzim ɗinsa waje, a kan naman da ya zo karewa. Abin da miyeloperoksidaz ke samarwa kuma yana yin ɓarna biyu a lokaci ɗaya: yana kashe ƙarfin antitiripsin, yana kuma tada kolajenaz daga barci. Wato an kwance kare, an kuma ɗaure mai riƙe da shi. Zaruruwa na tsinkewa, dasashi na rabuwa da haƙori, kwarin nan na zurfafa ya kai milimeta 5, 6, har fiye. Kwari mai zurfi kuwa ba iska a cikinsa, shi ne wurin da miyagun ƙwayoyin cuta suka fi so, abincinsu kuma shi ne jini da narkakken nama. Ta haka kumburi ke ciyar da ƙwayoyin, su kuma suna ƙara kumburin.

Hausawa na cewa da ɗan gari akan ci gari, kuma wasu ƙwayoyin cuta sun ƙware a wannan dabara. Ɗaya mai suna Porphyromonas gingivalis tana da nata anzim da ake kira jinjipen, waɗanda ke yanka saƙonnin da dakarun jiki ke aika wa juna, su rikita su, su kuma tada kolajenaz na mutum da kansa. Wata kuma, mai dogon suna Aggregatibacter actinomycetemcomitans, tana fitar da dafin da ke fasa nitrofil, duk abin da ke cikinsa ya watse a kan dasashi. Wani jinsinta mai tsananin dafi, da ake kira JP2, an fi samunsa a arewaci da yammacin Afirka. Binciken da aka yi a kan ƴan makaranta a Maroko, aka wallafa a 2008, ya nuna cewa matasan da ke ɗauke da shi sun fi sauran haɗarin kamuwa da ciwon nesa ba kusa ba, kuma an sami irin wannan sakamako a Gana. Saboda haka saurayi ko budurwa da haƙoran gaba suka fara buɗewa ko girgiɗi bai kamata a yi sakaci da su ba.

Mataki na ƙarshe shi ne ƙashi. In kumburi ya matso kusa da shi, saƙonnin da fararen ƙwayoyi ke fitarwa sukan tada wasu manyan ƙwayoyi masu cin ƙashi, waɗanda ke aiki da tsami da wani anzim mai suna katepsin K. Ƙashin yana ja da baya domin ya nisanci wurin cutar. Ramin da aka kafa dirkar ya zaizaye ke nan, haƙori ya yi kamar ya ƙara tsawo, ya fara motsi, wata rana ya fita, sau da yawa ba tare da ko ɗigon ruɓa a jikinsa ba. Ƙashin da ya tafi, galibi ba ya dawowa.

Rashinsu ma masifa ne

Mai karatu na iya cewa, to, me zai hana a kashe waɗannan anzim gaba ɗaya a huta? Wata cuta da ba a cika samu ba ta ba da amsa. A 1924 likitoci biyu na Faransa, Papillon da Lefèvre, suka bayyana wata lalura ta gado wadda ke sa tafin hannu da na ƙafa su yi kauri su tsattsage, haƙoran yaro na nono su zube yana ɗan shekara 4 ko 5, na dindindin kuma su bi bayansu tun yana matashi. A 1999 aka gano dalili: waɗannan yara ba su da wani anzim mai suna katepsin C, wanda shi ne ke wasa elastaz da ƴan'uwansa kafin su fara aiki. Nitrofil ɗinsu na zuwa fagen fama da makaman da ba su da kaifi, kuma dasashinsu na lalacewa fiye da na kowa. Lalurar ta fi bayyana inda iyaye biyu suka gaji abu ɗaya, kamar a auren zumunci. Darasin shi ne yawan anzim na rushe dasashi, rashinsu ma yana rushe shi. Lafiya tana cikin daidaito.

Sukari, taba da yunwa

Abubuwa uku sun fi karkatar da wannan ma'auni. Na farko ciwon sukari, wanda ke ƙaruwa a birane, musamman ga masu wuni a zaune a shago ko a ofis, ga shayi mai zaƙi sau uku a rana. Yawan sukari a jini yana sa nitrofil ya yi nauyin isa wurin aiki amma ya yi saurin zubar da anzim, kuma yana hana nama gyaruwa. Binciken da aka yi a kan ƙabilar Pima ta jihar Arizona a Amurka ya nuna cewa mai ciwon sukari ya fi wanda ba shi da shi haɗarin ciwon dasashi kamar sau uku, har Löe ya kira shi, a 1993, illa ta shida ta ciwon sukari. Alaƙar kuma ta ɓangare biyu ce. In aka haɗa faɗin gyambon da ke cikin kwaruruwan bakin mai ciwo mai tsanani, zai kai santimeta murabba'i 8 zuwa 20, gyambo buɗaɗɗe da ke zuba kayan kumburi cikin jini dare da rana, abin da ke ƙara wahalar saukar da sukari. Wani nazari na ƙungiyar Cochrane na 2022, wanda ya tattara gwaje-gwaje 35, ya gano cewa maganin dasashi yana rage ma'aunin sukari na wata uku da kimanin 0,43, ragin da likitocin sukari ba su rainawa.

Na biyu taba. Hayaƙinta yana lalata antitiripsin, yana kuma matse ƙananan hanyoyin jini na dasashi. Saboda haka mai shan sigari ba ya cika ganin jini in yana wanke baki, sai ya ɗauka lafiya lau yake, alhali ƙashinsa na zaizayewa a ɓoye.

Na uku rashin abinci mai gina jiki. Jiki ba ya iya ƙera kolajen ba tare da bitamin C ba, wanda ake samu a lemo, gwaba, tumatir da garin ɗan kuka. Ga ƙananan yara kuwa, yunwa tana buɗe ƙofa ga abin da ya fi zubewar haƙori muni, wato cutar noma, wadda wasu ke kira ciwon iska. Takan fara ne da gyambon dasashi mai jini da wari ga yaro ɗan shekara 2 zuwa 6 da tamowa ta kama, sau da yawa bayan ƙyanda ko zazzaɓin sauro, cikin ƴan kwanaki kuma ta huda kunci. Ƙiyasin OMS na 1998 ya ce yara 140.000 ke kamuwa a shekara, kuma 9 cikin 10 na mutuwa in ba a yi magani ba. Nijar na cikin ƙasashen da cutar ta fi addaba. Ƙungiyar Sentinelles tana kula da irin waɗannan yara a Damagaram, a Sakkwato ta Najeriya kuma akwai asibiti na musamman tun 1999. A watan Disamba na 2023, bisa roƙon da Najeriya ta jagoranta, OMS ta sa noma cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci. In an kai yaro CSI tun ciwon yana dasashi, antibiyotik da wanke baki da abinci sun isa su tsayar da shi.

Abin da ilimin ya haifar

Sanin aikin anzim ya kawo sabbin hanyoyi biyu. A 1983, Lorne Golub na jami'ar Stony Brook a jihar New York ya gano cewa magungunan dangin tetrasiklin suna hana kolajenaz aiki, ko a jikin ɓerayen da ba su ɗauke da ƙwayar cuta ko ɗaya. Daga nan aka fito da doksisiklin mai ƙaramin awo, miligiram 20 sau biyu a rana, wanda bai kai ya kashe ƙwayoyin cuta ba amma yana rage kaifin anzim. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1998 da sunan Periostat, a matsayin ƙari bayan kankare haƙora. A jami'ar Helsinki ta Finland kuma, Timo Sorsa da abokan aikinsa sun ƙirƙiro gwajin da ke auna MMP-8 a ruwan kurkure baki cikin ƴan mintoci.

Wannan ba izini ba ne ga kowa ya sayi kafso a bakin kasuwa ya riƙa haɗiya. Awon da ake sayarwa a can ya ninka wancan sau da yawa, shansa barkatai yana sa ƙwayoyin cuta su yi taurin kai, kuma tetrasiklin yana ɓata launin haƙoran yara ƴan ƙasa da shekara 8, bai kuma dace da mai juna biyu ba. Babu maganin da ke narkar da tartar. Sai likita ya kankare shi da ƙarfe har ƙarƙashin dasashi.

Abin da ke hannun kowa shi ne hana dauɗa kwana. Wanke baki sau biyu a rana, musamman kafin barci, da buroshi mai laushi da man haƙori, ko da asuwaki mai sabon baki, a bi gindin kowane haƙori ciki da waje, ba na gaba kaɗai ba, a kuma tsabtace tsakaninsu. Mutane da dama in sun ga jini sai su daina taɓa wurin, alhali jinin alama ce ta kumburi, kuma ci gaba da wankewa a hankali shi ke tsayar da shi. In ya wuce mako biyu, ko akwai warin baki da ba ya tafiya, ko mugunya, ko haƙori mai motsi, to lokacin ganin likita ya yi, kuma yana da kyau a auna sukari a wannan tafiyar.

Likitocin haƙori ba su da yawa a Nijar, kuma mafi yawansu suna manyan birane, abin da ke sa mutanen karkara ba su zuwa sai ranar cirewa. Ya kamata ma'aikatar kiwon lafiya ta horar da ma'aikatan CSI su riƙa buɗe bakin kowane yaro mai tamowa da kowane mai ciwon sukari da ya zo awo, domin duba dasashi ba ya bukatar wata na'ura mai tsada, fitila da ido mai lura sun wadatar. Ɗan kasuwa ko ma'aikacin da ke ganin kuɗin kankare haƙora sau ɗaya a shekara ya yi yawa kuwa, sai ya tambayi kuɗin haƙorin roba guda ɗaya, ya kwatanta.